Kusan shekara bakwai tsakanin tramol da kodin, ga labarina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina so in rubuta wannan abin ina fasawa, in na fara sai in goge, don ba ƙaramin abu bane mutum ya tona asirin kansa da hannunsa bayan Allah ya rufa masa. Sai da na je na tambayi wani malami a unguwarmu ko ya halatta, yace in dai ba alfahari da saɓo zanyi ba kuma ba zan kama sunan kowa ba toh babu laifi tunda gargaɗi ne. Abinda ya ƙara tunzura ni kuma shine satin da ya wuce na ɗauki wani yaro a adaidaita sahuna, wallahi bai wuce shekara sha bakwai ba, yana riƙe da robar lemo yana kurɓa a hankali yana lumshe ido, in yayi magana muryar tana ja kamar wanda aka tasa daga barci, ina kallonsa ta madubi na san abinda ke cikin robar nan. Har ya sauka ban iya ce masa uffan ba, na kwana ina jin zafin shirun da nayi.

Ni ɗan Kano ne, a cikin birni aka haife ni. Baba ya rasu ina aji uku na sakandare, ya bar Umma da mu shida, ni ne na biyu. Karatun daga nan ya fara tangal tangal har na ajiye shi. Taba na fara sha, kamar yawancinmu, wajen mai shayi da daddare, kara ɗaya ake siya a zagaya da shi tsakanin mutum uku ko huɗu. Mutane suna raina taba suna cewa ai ba ta bugarwa, ni dai a wajena ita ce ta koya min ɓoye abu, ita ta koya min tauna cingam da goro kafin in shiga gida, ita ta koya min kallon idon Umma in yi mata ƙarya. Tun 2015 akwai doka a ƙasar nan da ta hana sayar da sigari ɗai-ɗai kuma ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, amma don Allah ku faɗa min wace tireda ce za ka aiki ɗan shekara goma da kuɗin kara ɗaya a koro shi. Wiwi kuwa na taɓa ta kamar sau biyar, ba ta karɓe ni ba, in na sha sai tsoro ya kama ni in dinga ganin kamar kowa maganata yake, kamar za a zo a kama ni, sai na bar ta. A lokacin har ina ganin kaina mai hankali, wai ni ba ɗan shaye-shaye bane, 'yan shaye-shaye su ne waɗancan na bakin kwata masu shaƙar sholisho a tsumma da masu shan zaƙami suna tuɓe riga a titi.

Acaɓa nake yi a lokacin kuma alhamdulillah ina samun na cefane ina kaiwa Umma. Sai ga abinda ya faru a watan Janairun 2013, aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero hari, bayan 'yan kwanaki gwamnati ta hana goyo a babur a cikin Kano. Rana ɗaya dubbanmu muka wayi gari babu sana'a. Ban ce matakin ba shi da dalili ba, kowa ya san halin da gari yake ciki a shekarun nan, amma mu dai yunwa ba ta san wannan ba. Mai babur ya karɓi abinsa, ni kuma wani maƙocinmu ya ja ni kasuwar hatsi ta Dawanau na fara dako.

Wanda bai taɓa ɗaukar buhun masara ko na wake a wuyansa yana hawa katako zuwa cikin tirela ba bazai gane abinda nake faɗa ba. Satin farko ko sallah a zaune nake yi, bayana kamar an daka shi a turmi, in na kwanta ba na iya juyawa. Ina ganin waɗanda ban fi su ƙarfi ba suna lodi tun safe har la'asar suna waƙa suna dariya, ni kuwa buhu ashirin na zube. Wani dattijo a cikinmu, wallahi ba mugu bane, tausayina yaji, ya kira ni gefe ya ɓallo min ƙwaya ɗaya yace yaro sha wannan da shayi, maganin ciwon jiki ne, likitoci ma suna bayarwa. Kuma bai yi ƙarya ba, likitoci suna bayarwa. Ranar nayi aikin da ban taɓa yi ba, ciwon ya ɗauke, zuciyata tayi fari, na ji ina son kowa, na samu kuɗin da ya ninka na jiya na siyo wa Umma nama na kai mata tana ta sa min albarka. Wannan albarkar da ta sa min a daren nan har yau in na tuna sai hawaye ya zo min, don ba ta san da me na samo ba, ni ma ban san me na ɗauko wa kaina ba.

Abinda nake so mutane su gane kenan, da yawanmu ba maye muka je nema ba, ƙarfin aiki muka je nema. Leburori, masu tura baro, masu faskare, 'yan ga-ruwa, manoma lokacin damina, direbobin dogon zango, har masu gadi. Ana zagin ɗan ƙwaya ana cewa ɗan iska ne mara tarbiyya, akwai irin waɗannan ban musa ba, amma akwai wanda cikin ƙannensa ne ya kai shi.

Ƙwaya ɗayan nan, wato tramol, wata biyu kawai tayi tana min aiki. Daga nan sai biyu, sai na koma mai babbar lamba. Sai daga baya a asibiti aka fahimtar da ni cewa tramadol ɗin da hukuma ta yarda a sayar a Najeriya mai lamba 50 ne da mai 100, shi ma sai da takardar likita, waɗannan masu 200 da 225 da 250 da muke siya a hannun masu yawo da magani a faranti da bayan kantar kemis duk ta ɓarauniyar hanya suke shigowa, yawanci daga Indiya ake yo su a cika kwantena a sauke a tashoshin ruwa na Legas da Kwatano da Lome su bazu har Nijar da Chadi. Maganin asalinsa a Jamus aka ƙirƙiro shi, tun 1977 yake kasuwa, don masu ciwo mai tsanani da waɗanda aka yiwa tiyata. Mu kuma muka mayar da shi karin kumallo. Cikin shekara ɗaya na kai matsayin da ba don inyi ƙarfi nake sha ba, don in iya tashi daga kan katifa nake sha. In ban sha ba hamma, majina, hawaye, gumi mai sanyi, jikina yana min kamar ana jona min wayar lantarki a ƙeya, ga faɗuwar gaba babu dalili.

Wajen 2015 wani Alhaji ya ba ni adaidaita sahu ina kawo balas kullum, na bar dako. Da a ce aikin ne kawai matsalar ai da na daina a nan, amma ina, jiki ya riga ya saba. A majalisar da muke zama da daddare bayan an ajiye mashin ne aminina, wanda muka taso tare tun makarantar allo, ya miƙo min robar lemo yace tramol tana hana ka barci ko, ga abinda zai sauko da kai. Kodin ce, wasu suce siraf wasu suce benelin ko da wane kamfani ne ya yi ta. Zaƙi kamar zuma, babu wari irin na giya, babu hayaƙi irin na wiwi, kana iya riƙe ta a gaban kowa. Wannan shine sharrinta. Ka sha sai duniya tayi sanyi, komai ya dinga tafiya a hankali, bashin da ake binka da rigimar gida duk su koma kamar labarin wani. Mu a tunaninmu ai maganin tari ne, ko yara ana ba su. Ban san daga tsiro ɗaya ake samo ta da hodar heroin ba, ban san in ta shiga hanta tana juyewa ta koma mofin ba, irin allurar da ake yiwa wanda ya karye ko mai ciwon daji. Da safe tramol ta tashe ni, da daddare kodin ta kwantar da ni, haka na zama kamar fitila mai makunni biyu kuma duk ba a hannuna suke ba.

A haka aka yi min aure a 2016, Umma tana ganin in na ajiye iyali zan natsu, don ta fara lura da ramar da nake yi da yadda nake gyangyaɗi ana cikin magana. Yarinyar kirki aka ba ni, 'yar mutunci, kuma na zalunce ta, babu wata kalma da zan saka a wajen. Kuɗin cefane ya koma kemis. Balas ya fara taruwa a kaina. Na ɗauki ɗan kunnenta na gwal nace zan kai a wanke, bai dawo ba. Na sayar da keken ɗinkinta tana gidansu wajen suna. Kuɗin adashen da take tarawa na mata a cikin kwalla na kwashe, ta sha kunya a unguwa ita da ba ta ci ba. In tayi magana in hau ta da faɗa, in ta yi kuka in fita. Ga jikina ya lalace, sai inyi kwana biyar ban zaga ba, in na zaga kamar ana yanka ni har basir ya fito min, haƙorana na ƙasa suka fara ruɓewa saboda zaƙin nan da nake kwana da shi a baki, ƙaiƙayi kuwa har fatata tayi fari. Sallah sai in haɗa azahar da la'asar da magariba a lokaci ɗaya in ma nayi kenan.

Ranar da ba zan manta ba ina tafe a titin Zariya da fasinja uku, ciki har da wata mata da goyo. Abinda na sani kawai naji wani ƙara a kunnena, sai farkawa nayi a ƙasa mutane sun zagaye ni ana min fifita ana zuba min ruwa, harshena ya fashe jini ya cika min baki, mashin ɗin yana cikin kwalbati. Aka ce sandarewa nayi ina jijjiga ina kumfa. Allah ya tsare matar da jaririnta, buguwa kawai tayi a goshi, amma kallon da tayi min tana rungume da ɗanta tana salati, har in mutu ba zai fita daga idona ba. A gida aka ce aljanu ne, wasu suka ce farfaɗiya ce ta kama ni da girma, aka kira mai ruƙiya aka yi ta turare da rubutu, ni kuwa na san ƙwaya nawa na haɗiya da safen nan amma nayi shiru na bari Umma tana kashe kuɗinta. Ashe sananne ne a wajen likitoci, tramadol in tayi yawa tana jawo jijjiga ko ga wanda bai taɓa farfaɗiya ba. Alhaji ya karɓe mashin ɗinsa, kuma gaskiyarsa ne. Matata ta ɗauki 'yarmu ta tafi gidansu.

A shekarun nan Kano ta cika da abin. A 2017 a zauren majalisar dattawa aka faɗa cewa kwalbar kodin miliyan 3 ake shanyewa kullum a Kano da Jigawa. Mu da muke ciki abinda muke gani shine kwalabe a kwata, a bayan makarantu, a kangwaye, a bola, har yara suna tsinta. Sai ga bidiyon binciken BBC ya fito ƙarshen Afrilun 2018 yana nuna yadda ake fitar da katan katan daga hannun ma'aikatan kamfanonin magani zuwa kasuwar bayan fage, washegari 1 ga Mayu ministan lafiya na lokacin Farfesa Isaac Adewole ya sanar an hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Na tuna daren a majalisa babu mai dariya, kowa lissafi yake. Mutanen gari suna murna kuma suna da gaskiya, amma babu wanda ya tambaya mu da jikinmu ya riga ya kamu ina za mu. Kodin ba ta ɓace ba, tsada tayi, kwalbar da muke siya wajen dubu ɗaya ta ninka ta sake ninkawa, jabu ta cika gari. Wanda ba shi da kuɗi ya koma ƙwayoyin barci, su diyazefam da roci, da wata ƙwayar da ake cewa ekzol, wasu suka koma madarar sukudayi, an gudu ba a tsira ba. A shekarar nan ma Indiya ta ƙara tsaurara fitar da tramadol, sai masu safarar suka canza wani haɗin daban irin su Tafrodol, shi ma sai a 2025 Indiya ta haramta haɗin. Ka toshe wannan rami su ɓullo ta wancan.

Aminin nan nawa a ƙarshen 2018 ya rasu. An kama shi ya yi wajen wata uku a tsare, ya fito yayi ƙiba yayi haske, mahaifiyarsa har sadaka tayi. Kwana huɗu da fitowarsa ya zo majalisa, aka ce a yi masa barka da dawowa, ya sha daidai yadda ya saba sha a da ya ɗora ƙwayar barci a kai. Muna tare a shagon wani, ya kwanta yana wani irin minshari mai nauyi, muna cewa ku ƙyale shi ya caku ne, har wani ya lulluɓe shi da bargo. Da asuba muka tashe shi bai tashi ba, leɓensa ya canza kala. Ni na riƙe ƙafarsa aka sa shi a mota. Sai bayan shekara guda likita ya yi min bayanin da ya sa na kasa cin abinci ranar, yace irin waɗannan magungunan numfashi suke ragewa, kuma in mutum ya kwana biyu bai sha ba jikinsa ya daina jure adadin da, in ya koma kan tsohon adadinsa shine lokacin da aka fi mutuwa, balle an haɗa da maganin barci. Yace minsharin nan ba barci bane, numfashi ne yake ƙarewa, da mun kai shi asibiti a daren akwai allurar da ake yi mai suna naloksan da take karya ƙarfin abin cikin mintuna. Muna zaune a gefensa muna hira yana mutuwa. Don Allah duk wanda ya karanta wannan ko bai ɗauki komai ba ya ɗauki wannan, in ka ga wanda ya sha abu yana minshari ana girgiza shi ba ya farkawa, numfashinsa yana ja da tsayawa, kar a ce a bari ya huce, kar a ɗura masa madara ko manja, a kwantar da shi ta gefe a nemi abin hawa a tafi asibiti, kunya ko tsoron hukuma duk ba su kai rai ba. Allah ya jiƙansa ya yafe masa ya yafe mana.

Za ku ɗauka mutuwarsa ta sa na daina. Ranar sadakar uku ma a buge nake.

Daga nan ne Yaya da Kawu suka yanke shawara, aka ce min za mu je gaida wani malami a wajen gari, muna shiga aka rufe ƙofa aka sa min mari a ƙafa. Wata huɗu nayi. Ba zan faɗi wajen ba. Satin farko na ɗauka mutuwa zanyi, zawo da amai a inda nake kwance, ƙasusuwana kamar ana sara, ƙafafuna ba sa tsayawa waje ɗaya ga ƙarfe yana cin idon sawuna, kwana biyar ban runtsa ba, in nayi ihu a zo da dorina a ce shaiɗan ne yake fita. Mu fi talatin a ɗaki ɗaya, da ɗan ƙwaya da mai taɓin hankali na gaske da yaron da kawai ba ya jin magana. Har yau tabon yana ƙafata. Ban riƙi Yaya da Kawu a zuciya ba ko kaɗan, kuɗi suka biya daga guminsu, sun rasa yadda za suyi ne kuma abinda suka sani kenan, kowa a unguwa nan yake kai nasa. Amma gaskiya ɗaya ce, mari yana riƙe ƙafa ne kawai. Duk daren da nayi a wajen lissafin ranar fita nake da kemis ɗin da zan fara zuwa. Na fito na ƙara da ƙiyayya da iya ƙarya, kwana tara na koma ruwa, kuma Allah ne kawai ya sa ban bi aminina ba don ni ma tsohon adadina na koma. A watan Satumban 2019 da 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300 wasu da sarƙa a ƙafa, aka biyo da na Daura, ina ganin hotunan a waya jikina yana rawa, Umma tana gefena ta kalli ƙafata ta kalli hoton ta fashe da kuka tace ashe haka aka yi maka.

Ita ce ta kai ni asibiti, ita da ƙanwarta da take aikin jinya. A Kano in aka ce an kai wane Dawanau kowa ya san asibitin masu taɓin hankali ake nufi, shi ya sa na dinga turjewa ina cewa ni ba mahaukaci bane. Umma ba ta yi min faɗa ba, cewa tayi, ni na haife ka, ban taɓa roƙonka komai ba, yau ina roƙonka ka bi ni. Na bi ta. Ikon Allah, a garin da na fara haɗiyar ƙwaya ina ɗaukar buhu, nan aka dawo da ni neman magani.

Likitan da ya gan ni matashi ne, bai fi ni da yawa ba. Na zauna ina jiran wa'azi ko zagi, sai yace min malam me ya sa ka fara sha. Wallahi shekara kusan bakwai an zage ni, an doke ni, an yi min nasiha, an tofa min addu'a, an ɗaure ni, babu mutum ɗaya da ya taɓa yi min wannan tambayar. Na buɗe baki zan ba shi labarin buhun masara sai kuka ya ƙwace min. Ya bari na gama. Sannan ya yi min bayani da Hausa yadda abin yake canza ƙwaƙwalwa har ta daina samar da natsuwarta da kanta sai an ba ta daga waje, yace ciwo ne kuma ana warkewa amma ba a sati ɗaya ba, kuma laifin da na yiwa mutane yana nan a kaina sai na gyara, ciwon bai wanke ni ba. Wannan maganar ta shige ni don bai rage min komai ba kuma bai wulaƙanta ni ba. Aka ba ni gado, aka ba ni magungunan da suka sassauta min zawo da ciwon jiki da rashin barci, wahalar tana nan amma ba irin ta gidan mari ba, ana duba ni ana tambayata ya jiki. Aka dinga zama damu ana koya mana gane abinda ke tayar mana da sha'awar, ni nawa gajiya ce da bashi da wucewa ta layin majalisarmu. Bayan sallama na shafe fiye da shekara ina komawa ganin likita. Sau ɗaya na zame a wata na biyar, na je na faɗa da bakina, ba a kore ni ba aka ce mu ci gaba daga inda muka tsaya. Na canza layin waya, na canza hanyar da nake bi zuwa masallaci, akwai mutanen da har yau daga nesa nake ɗaga musu hannu, ba don na fi su ba, don na san zama da maɗaukin kanwa.

A wajen ne naji alƙaluman binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa tayi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018, mutum miliyan 14.3 ne 'yan shekara 15 zuwa 64 suka yi amfani da kayan maye a Najeriya cikin shekara guda, miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 irin su tramol da kodin, kuma duk mutum huɗu ɗaya mace ce. Wannan na matan yafi damuna. Namiji ana ganinsa a titi a kama shi ko a kai shi magani, mace kuwa tana cikin ɗaki, ƙawa ta kawo mata a jaka ranar biki ko a aiki almajiri ya siyo, mijin bai sani ba ko ya sani ya sake ta a rufe maganar, iyaye suna tsoron in aka ji babu mai auren ƙannenta. A layin ganin likita maza ne fal, mata ɗai-ɗai suna rufe fuska da mayafi.

Ban raina aikin hukuma ba. NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, tun 1989 take, kuma tun da aka naɗa Buba Marwa shugabanta a 2021 kullum muna jin an kama kwantena an ƙona tan tan, a 2024 kuma aka tashi 'yan magani daga Sabon Gari aka ce su koma Dangwauro inda za a iya sa musu ido. Duk yayi kyau. Amma ni da na fito daga ciki ina ganin an fi ƙarfi a wajen kamu, wajen magani kuwa da sauran aiki sosai, gadajen ba su kai ko kusa ba kuma talaka ba ya iya biyan na kuɗi, shi ya sa gidan mari ba zai rasa kasuwa ba. Ga 'yan siyasar da suke raba wa yara ƙwaya lokacin kamfen don suyi musu jagaliya, na gani da idona, an ba ni ma, bayan zaɓe kuma su hau mumbari suna Allah wadai da shaye-shaye. Sannan akwai ɗaya gefen da ba a faɗa, lokacin da Kawu ya kwanta da ciwon daji yana juyi yana kiran sunan Allah, samun maganin ciwo mai ƙarfi ta hanyar da ta dace sai da muka sha yawo, alhali na san lungun da zan shiga in fito da mai lamba 225 cikin minti biyar. Mai buƙata na gaskiya yana wahala, na banza yana yawo a faranti. Ranar na zauna a bakin gadonsa ina jin kamar irin mu ne muka jawo masa.

Bikon matata sai da nayi sau huɗu. Mahaifinta yace ba zai ba ni ita ba sai na shekara yana gani, kuma na shekara. Na biya kuɗin adashen nan kaɗan kaɗan, na bi matan ɗaya bayan ɗaya na ba su haƙuri na faɗa musu ni na ɗauka ba ita ba. Keken ɗinki na siya mata wani, ɗan kunnen ne har yanzu ban iya mayarwa ba, ta ce ta yafe amma yana cikin lissafina. 'Yarmu da aka tafi da ita tana rarrafe sai da ta daɗe tana ɓuya a bayan uwarta in na shigo, yanzu ita take fara fitowa da gudu in taji ƙarar mashin.

Taba ita ce ta ƙarshen tafiya kuma wallahi ta fi ba ni wuya ta wani fannin, don ita babu mai ɗaure ka a kanta, tana kowace tireda. A wani azumi na ajiye ta, na ce tunda na iya wuni babu ita bari in gwada haɗawa da dare, na koma aswaki da ɗanyen karas in bakina ya nema. Har yanzu in na gaji sosai, bayan nan nawa ya motsa, tunanin ƙwaya ɗaya kawai yana zuwa min, ba zan ɓoye muku ba. In ya zo sai in ajiye mashin in kira Yaya ko in wuce gidan Umma in zauna har ya wuce.

Yaron nan da na ɗauka, a bakin wani lungu na sauke shi kusa da wani mai wankin hula. Kwana huɗu kenan ina bi ta wajen da yamma ko ba ni da fasinjan can, ina rage gudu ina dubawa. In Allah ya haɗa mu zan ce ya shigo in kai shi inda za shi ba sai ya biya ba, in nuna masa idon sawuna, in tambaye shi me ya sa ya fara.